Ɗan Mero

"A'a, dakata! Kada ki sa mini magana a baki, ke da ba ki je ba. Iyakarki Maradi, Maradin ma ciwon haƙori ya kai ki. Wanda ya ba ki labarin nan rabi ya ba ki, rabin ma don shi samu ƙuri'a ne."

Batulu ke nan, tana zaune bisa turmi kife a tsakar gidanta na Cadawa, tana ɓarar gujiya, fuskarta wajen danga. Wadda take amsa wa, maƙwabciyarta, tana can bayan dangar, ba sai mun leƙa ba. Abin da ya haɗa su kuwa, tun ranar kasuwa gari ya ɗauka cewa Batulu ta je Faransa ta yar da kunya, ta kira sunan ɗanta na fari da bakinta, a gaban maza, har da ƙarfi.

To, ga yadda aka yi.

Ɗan fari, kowa ya sani, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a idon mutane, in ya faɗi ma sai ta jira wata ta ɗaga shi. Wasu matan sama-sama suke yi. Batulu ita da gaske ta riƙe, don nata ƙulli biyu ne: ɗan fari ne, kuma sunan surukinta, uban mijinta, aka sa masa. Da aka yaye shi sai Mero, yayar mijin, ta goya shi ta tafi da shi Gangara. Tun daga ranar, a bakin Batulu sunansa "ɗan Mero", in ta gaji ta ce "yaron nan". Shi kuma Yaya yake ce mata. Sunan na yanka, mu ma bari mu bar shi a rufe, tunda mai shi ba ta buɗe ba tukuna.

Yaro ya yi lakol, wato makarantar boko, ya wuce Yamai. Zamanin soja ya faɗi wata magana wadda masu bindiga ba su so ba, ya ga ƙafa ta fi masa, ya tsallake, bai tsaya ba sai Faransa. Can ya auri wata 'yar Gidan Rumji mai karatu, Zakiyya. Shekaru suka yi ta wucewa, har soja suka gaji suka ce farar hula su zo su gwada. A daminar shekarar Mero ta rasu. Bayan girbi sai ga kaset daga Faransa.

Labo, ƙanen yaron, shi ya sa kaset ɗin a rediyo, 'yan gida suka kewaye. Batulu ta juya wa rediyon baya tana tsintar wake, wai ita ba da ita ake ba. Murya ta gaida kowa, har akuyar gidan ta kusa samun rabonta, sannan daga ƙarshe ta ce:

"Yaya, Zakiyya ta kusa sauka, ba mu da kowa a nan da zai yi mata wankan jego. Inna Mero ta tafi. In kin ga za ki iya, ki zo, zan aiko da kuɗin jirgi. In kuma kin ga ba wurinki ba ne, ba komai. Na saba."

Sai da kowa ya watse Batulu ta ce wa Labo ya mayar da abin baya, wai ba ta ji maganar kuɗin da kyau ba. Ba maganar kuɗin ta sake saurara ba. "Na saba" ɗin nan ce ta tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi.

Labo ya sha yawon buro-buro, daga wannan ofis zuwa wancan, har takardu suka fito, ya raka ta Yamai. A filin jirgi aka ɗora kayanta bisa sikeli aka ce sun yi nauyi. Ta kwance ƙullin nan a gaban kowa, ta fitar da kuɓewa busassa, ta fitar da tukunyar ƙasa, ta ba Labo ya koma da su. Kanwa da yaji da garin gero da ganyen wanka kam ta ce ko ita za a bari, su sai sun tafi. Mai jego ba kunun kanwa, ai wannan ba haihuwa aka yi ba, wahala aka sha.

A cikin jirgi aka cusa ta can jikin taga. Wata yarinya mai ɗan siket ta zo ta kama wata ɗamara ta ƙulle ta a kujera, ta yi murmushi ta wuce. Batulu ta ja, ta ji ba wasa.

"Ko akuya in anka ɗaure ta, ana bar mata igiyar da za ta kai ga ruwa," ta ce.

Wanda ke kusa da ita ya yi dariya. Wani mutum ne mai babbar riga da tabarau da jakar hannu a cinya. Ya ce sunansa Bubakar, ɗan Gazawa ne, kuma babba ne a wata sabuwar jam'iyya, taro za shi Paris. Shekarar nan jam'iyyu sun fito kamar kwaɗi bayan ruwan fari, kowane kududdufi da nasa kukan. Da ya ji ita 'yar Cadawa ce sai ya gyara zama, ya ga ƙuri'a ta zo masa har kujera.

Jirgi ya yi gudu, ya ɗaga, hanjin Batulu ya ce shi ƙasa zai zauna. Ta riƙe hannun kujera ta yi salati har sai da abin ya daidaita. Daga nan kuma sai zama. Gaba kujera, baya kujera, hagu gilashin da ba ya buɗuwa, dama Bubakar. Ta jefa goro a baki don ta samu zuciyarta ta kwanta, da ta tauna ta nemi inda za ta tofar ta rasa, dole ta haɗiye. Daga can baya wasu suna busa taba, hayaƙin ya zo ya zauna tare da su, shi ma bai da hanyar fita.

"Iya, kin san abin da ake cewa demokaradiyya?" in ji Bubakar. "Baki ne ya buɗe. Da, in ka yi tari sai jandarma ya tambaye ka dalili. Yanzu kowa na iya faɗin abin da ke ransa. Kowa! Har ke."

"To kai tun Yamai kake faɗin naka, bai ƙare ba?"

Ya yi dariya, ya ci gaba. Irin mutanen nan ne da ko zaginsu ka yi sai su ɗauka tafi ne.

Ta leƙa taga. Ƙasa ja ce fetal, ba itace, ba gari, ba ko rijiya. Ta ce a ranta, in abin nan ya gaji a nan, wa zai zo gaisuwa? Aka kawo abinci a ɗan faranti rufe da takardar ƙarfe, nama kamar an dafa shi tun bara, ba gishiri ba yaji. Ta ci burodin, ta naɗe sauran a bakin mayafi don ba a wulaƙanta abinci. Da fitsari ya matse ta, sai da Bubakar ya tashi, na kusa da shi ya tashi, kowa a layin ya san inda tsohuwa za ta. Makewayin kuwa rumbun tsaba ya fi shi faɗi, ba buta, da ta taɓa wani abu sai ramin ya yi ruri kamar zai haɗiye ta har zane. Ta fito ta yi wa kanta alkawari ba ta ƙara shan ruwa sai ta taka ƙasa.

Azahar ta yi, ko kuwa ta ga alama ta yi. Ta tambayi Bubakar ina gabas. Ya nuna nan, ya nuna can, ya ce ai jirgi juyawa yake. Ta yi sallarta a zaune a ɗaure kamar majinyaciya, ta ce Allah dai ya ga ba ita ta ƙulle kanta ba.

Bayan jar ƙasa sai ruwa, bayan ruwa sai gajimare kamar an baza kaɗa. Bubakar ya yi barci, baki buɗe, ko a barcin bai rufe ba. A nan ne abin da take gudu tun Cadawa ya same ta, don a kujerar nan ba wake da za ta tsinta, ba akuya da za ta kora. In ta sauka ta ga yaron nan, ina za ta sa idonta? Rabonta da shi yana saurayi siriri mai dogon wuya, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta zai koma Yamai, ya ce, "Yaya, zan tafi." Ita kuwa ta ce wa bango, "A gaida Mero in an biya." Iyakar sallamarsu ke nan. Ta daɗe tana jin ta yi daidai. A sama, ɗaure, sai ta ji abin bai yi mata daɗin tunawa ba.

Da jirgi ya fara sauka, kunnuwanta suka toshe kamar an zuba musu kunu. Ta ga mutane suna tafi, ba ta ji tafin sosai ba. Ta ce alhamdu lillahi, bari in taka ƙasa in ga sararin Allah.

Ina! Daga bakin jirgi sai wani dogon rami mai rufi, daga ramin sai zaure, daga zaure sai matakala mai tafiya da kanta, ta kama rigar Bubakar har ta kusa yage masa aljihu. Wani zauren kuma, wani gilashin. Ba rana, ba iska, ba ƙasa ko ta cikin cokali. Ashe Faransa ɗaki ce, ta ce, shi ya sa suke fari.

Aka shiga layi. Can gaba wani ɗan sanda yana zaune cikin akwatin gilashi yana buga hatimi. Da aka zo kanta ta miƙa jakar ledar da Labo ya ce ko barci take kada ta sake ta. Mutumin ya buɗe fasfo, ya duba wata takarda, ya dube ta, ya yi magana. Ta waiwaya ta yafito Bubakar.

"Iya, ya ce wurin wa kika zo?"

"Wurin yaron nan."

"Ya ce wane yaro? Ɗanki ne?"

Batulu ta ɗan waiga. Layin nan cike yake da 'yan ƙasa, maza da hulunansu, har da wani dattijo mai carbi, kowa ya kasa kunne don ya gaji da tsayuwa. Bakinta ya ba da amsar da ya saba bayarwa tun tana amarya, bai ko shawarce ta ba.

"A'a. Ɗan Mero ne."

Bubakar, mai son a ga ya iya, ya juya maganar tsaf da Faransanci, bai rage ko ƙwaya ba. Ɗan sandan ya ɗaga gira.

"Ya ce ke ce Mero?"

"Ni? Allah ya jiƙan Mero, ta riga mu."

Hatimin da ya ɗaga ya mayar ya ajiye. Ya ɗauki tarho. Kafin ta gyara mayafi, an zo an wuce da ita ta wata ƙofa a gefe, aka ce Bubakar ma ya biyo, tunda shi ne bakinta.

Ɗakin ba taga. Benci a kafe da ƙusa, tebur ɗaya, fitila fara fat wadda ba ta nuna ko hantsi ne ko la'asar. Ƙofa biyu, wadda suka shigo ta ita da wata a ɗaya bangon, duk a rufe. Wata 'yar sanda mai gashi kamar gemun masara ta zauna a bayan teburin, ta kife takardar, ta ɗora hannu a kai. Ta yi magana a hankali, ba faɗa, Bubakar yana ta gyaɗa kai yana duba agogo.

"Bon. Iya, saurara da kyau. Takardar da aka aiko ta ce ke uwarsa ce, a gidansa za ki sauka. Ke kuma kin ce ba ɗanki ba ne. Madam ta ce ana samun masu shigowa da takardun wasu. Abu ɗaya take so, ki faɗi sunansa. Shi ke nan, mu tafi."

"Ba a rubuce yake ba? Ta karanta mana."

"Ta karanta. Ke take so ta ji ko kin sani."

"To kai faɗa mata."

"Ni ina na sani? Tun Yamai yaron nan, yaron nan kike cewa. Kuma ko na sani, suna ba ya son tafinta, Iya. Daga bakinki take son ji."

Batulu ta gyara zama, ta ce to bari ta ba su abin da ya fi suna. A gaya wa madam yana da tabon ƙuna a gwiwar hagu, garwashi ya taka da rarrafe. Kunnensa na dama ya ɗan fi na hagu tashi. Ranar Juma'a aka haife shi, shekarar da fari suka cinye gero. Ba ya cin kabewa, in ya ci sai jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. In zai yi ƙarya sai ya sosa ƙeya. Ta yi ta jerowa, har ita kanta ta yi mamakin yawan abin da ta tara, ita da ba ta taɓa kallonsa ido biyu a gaban mutane ba. Ashe wutsiyar ido ma tana cika rumbu.

'Yar sandan ta saurara har ƙarshe, ta buɗe hannuwa. Kabewa ba ta cikin takarda.

Bubakar ya shiga yi mata bayani, yana zufa, yana nuna Batulu, yana nuna sama. Matar ta girgiza kai ta faɗi wani abu gajere.

"Mi ta ce?"

"Ta ce wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba."

"Ka ce mata sani daban, faɗi daban. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba."

Bai juya wannan ba. Matar ta tashi ta fita ta ɗaya ƙofar, ta ja ta. Suka zauna. Ba abin da ke motsi sai fitilar nan da ke ɗan kuka kamar sauro. Ƙishirwa ta dame ta, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmin roba, kunnuwan har yanzu a toshe. Ta tuna a jirgi ko ba komai akwai taga.

"Iya, wallahi kin ɓata mini taro," in ji Bubakar. "Kuma kin ba mu kunya gaban Turawa. Irin waɗannan al'adun ne suka hana mu ci gaba. Kalma ɗaya! Ƙasa gaba ɗaya ta samu baki, ke kin ƙulle naki."

"Kai ɗan fari ne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ga alama. Uwarka ta taɓa kiran sunanka?"

"A'a."

"To ka mutu? Ga ka nan da tumbinka da tabarau."

Bubakar ya cire tabarau ɗin, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Ban mutu ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, sai da ta karkato kunne. "Ita ce ta mutu. Ina zaune a kanta har ta cika. Na ce ko yau za ta yi kuskure. Ba ta yi ba."

Ya mayar da tabarau ya koma duban agogo.

'Yar sandan ta dawo. Ta yi magana mai ɗan tsawo, ta nuna agogon hannunta, ta nuna ƙofar da suka shigo.

"Ta ce jirgin da ya kawo mu ana ba shi mai, Yamai zai koma. In ba ki faɗa ba, a ciki za a mayar da ke."

Batulu ta ji ɗamarar jirgin nan ta sake kama mata ciki. Jar ƙasar nan, ramin nan mai ruri, sannan ta sauka Cadawa da kanwarta a ka, a ce ina jaririn, ta ce ba ta gani ba. Duk da haka ta dake. An sha wuya ba a mutu ba.

"Akwai saura," in ji Bubakar. Ya sosa gemu. "Sun yi shela sun kira shi. Tun safe yana waje yana jira. Yanzu yana bayan ƙofar can, an zaunar da shi. Sun gaya masa abin da kika ce."

"Mi sunka gaya mishi?"

"Cewa kin ce ba ɗanki ba ne."

Ta dubi ƙofar. Farar ƙofa ce, ba ko ramin makulli da za a leƙa.

"Shi mi ya ce?"

Bubakar ya tambayi matar. Ta ɗaga kafaɗa ta amsa.

"Ta ce bai yi gardama ba. Ya yi ɗan murmushi, ya ce haka take cewa. Wai ya saba."

To. Nan ne ƙayar kifin nan ta motsa. A Cadawa in ta ce ɗan Mero ne, kowa ya san abin da take nufi, har a yaba mata. A nan an ɗauki maganar tsirara, an kai masa da Faransanci, a ƙasar da ba shi da Mero, ba shi da kowa. Kuma jirgi zai tashi da ita, iyakar abin da ta kawo masa daga gida ke nan.

"Kai, juya bayanka," ta ce wa Bubakar.

Ya juya ya fuskanci bango kamar ɗan lakol da ya yi laifi.

Ta matso bakin tebur. Ta buɗe baki. Harshen ya tsaya, bai san hanyar ba, bai taɓa bi ba ko a mafarki. Ta haɗiye yawun da babu, ta sake gwadawa. Leɓɓanta suka motsa, ita a jinta ta faɗa, amma iska ce kawai ta fito. 'Yar sandan ta kara hannu a kunne ta ce wani abu, wannan kam ba ya son tafinta.

Sai ran Batulu ya ɓaci. An ɗaure ta, an hana ta tofar da goro, an hana ta gabas, an hana ta rana, yanzu kuma ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a ce ba a ji ba? Ta miƙe. Kunnuwa a toshe, ba ta san iyakar muryarta ba. Ta fuskanci farar ƙofar nan, ta kira irin kiran da take yi wa Labo in yana can ƙarshen gona hadari ya taso.

"Habibullahi!"

Biro ya faɗi daga hannun 'yar sandan. Bubakar ya dafe bango. Ɗakin ya yi tsit, har fitilar kamar ta daina kuka.

Daga bayan ƙofa, wata murya ta babban mutum, ta fashe a tsakiya kamar ta yaro mai balaga, ta ce:

"Na'am."

Ko da kunnen a toshe, wannan ta ji shi.

'Yar sandan ta juya takardar ta duba, ba don tana bukata ba. Ta buga hatimi, ta tashi ta buɗe ƙofar da kanta. Wani mutum ne a tsaye, mai furfura a gefen kai, da ƙatuwar rigar sanyi, da wata rigar a hannu wadda ya kawo mata. Dogon wuyan ya cike. Kunnen dama dai yana nan a tashe. Fuskarsa jiƙe sharkaf, bai ko goge ba.

Batulu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango.

"Bubakar," ta ce, "ka ce wa ɗan Mero shi je shi ɗauko kayan. Akwai kanwa a ciki, kada shi bari ta jiƙe."

Ɗan Meron ya fashe da dariya yana kuka, ya durƙusa nan bisa simintin Turawa ya ce, "Sannu da hanya, Yaya." Ita kuwa ta ce wa bango, "Yawwa. An same ku lafiya?" Amma da ya ɗora mata rigar sanyin a kafaɗa, ba ta ture hannun ba.

Zakiyya ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Mariyama, sunan Mero. Batulu ta yi mata wankan jego a wani farin kwamin wanka a saman bene, ganye ya toshe musu hanyar ruwa har maƙwabcin ƙasa ya hau yana faɗa, ta ce a ce masa shi ma in ya haihu ta yi masa. Da aka yi arba'in ta sake yarda aka ɗaure ta a jirgi, ta dawo gida. Ba ta gaya wa kowa komai ba.

Bubakar ne, da yaƙin zaɓe ya kawo shi kasuwar Cadawa, ya hau bayan mota da lasifika ya ce shi shaida ne baki ya buɗe a ƙasar nan, don da idonsa ya ga wata tsohuwar garin nan ta kira ɗanta na fari a Paris har gilashi ya girgiza. Bai faɗi suna ba. Tsofaffin Cadawa nawa suka je Paris?

Shi ne fa ake ta yi ta saman danga tun hantsi. Batulu ta zube ɓawon gujiya daga cinyarta, ta karkata kai ta saurari abin da ake cewa daga can, ta bari har aka kai aya. Sannan ta jefa ƙwaya ɗaya a baki.

"Kin gama? To na faɗa. Ban ce ban faɗa ba. Kunyar ma da ita na tahi, a Yamai anka ɗora ta bisa sikeli anka ce ta yi nauyi, na ga kanwa ta fi ta amfani. Sau ɗaya na kira, ya amsa. Ke naki ɗan farin ga shi nan bayan ɗakinki, kullum kina jin tarinsa. Tunda kinka haife shi, kin san yadda na'am ɗinsa take?"